Zapfino: Rubutun Hannun da Ya Jira Na'ura Shekara 54

Duk mai kwamfutar Mac zai iya gwada wannan da kansa. Ka buɗe manhajar rubutu ta TextEdit, ka zaɓi zubin haruffan da ake kira Zapfino, sannan ka fara buga sunan nasa harafi bayan harafi. Z, a, p, f, i, n, komai na tafiya yadda aka saba, kowane harafi na bin bayan ɗan'uwansa. Da zarar ka taɓa o na ƙarshe sai kalmar ta yi tsalle. Haruffan nan 7 su ɓace, wani zane guda ya maye gurbinsu, mai doguwar jela da lanƙwasa, kai ka ce wani babban mutum ne ya rattaba hannu a ƙasan wasiƙa.

Babu wani siddabaru a ciki. An zana kalmar ce gaba ɗaya a matsayin harafi guda, aka ɓoye umarni a cikin fayil ɗin cewa duk lokacin da waɗannan haruffa suka jeru a haka, a ɗauke su a ajiye wancan zane. Sai dai wannan ɗan wasa shi ne ƙarshen wata doguwar tafiya da ta fara a 1944, kuma cikinta akwai kusan duk abin da mai tsara kanu, bangon littafi, tambari ko katin gayyata yake bukatar sani game da ƙayatattun haruffa masu kwaikwayon alƙalami.

Takardar da aka rubuta a Bordeaux

An haifi Hermann Zapf a birnin Nuremberg na Jamus ranar 8 ga Nuwamba, 1918. Burinsa na yarinta shi ne ya karanci injiniyancin lantarki, amma mahaifinsa ɗan ƙungiyar ƙwadago ne da gwamnatin Nazi ta sa wa ido, don haka ƙofar karatun ta rufe. A 1934 ya shiga koyon gyaran hotuna a wata maɗaba'a. Shekara guda bayan haka aka yi baje kolin ayyukan Rudolf Koch, gwanin rubutun hannu da ya rasu a 1934, Zapf ya je kallo, ya dawo da ciwon da bai warke ba har ya bar duniya. Ya sayi littafin koyarwa na Koch da na Baturen Ingila Edward Johnston, ya zauna a gida yana koya wa kansa. Babu malami a kansa, shi ya sa ya daɗe yana riƙe alƙalamin a karkace kafin ya gano kuskurensa.

Da yaƙi ya ɓarke aka ɗauke shi soja, amma bai yi wa bindiga amfani ba. Yana da ciwon zuciya, kuma a fagen atisaye yakan rikita dama da hagu. Daga ƙarshe aka tura shi sashen zana taswira, ya bi ta Dijon ya sauka a Bordeaux ta Faransa, inda ya riƙa zana taswirorin Sifen, musamman layukan dogo. Idonsa na da kaifin da zai rubuta harafi mai tsawon milimita 1 ba tare da gilashin ƙara girma ba. A can ne, a 1944, yana ɗan shekara 25 zuwa 26, ya cika wasu ƙananan littattafan zane da rubutu na son rai. A ɗaya daga cikin shafukan akwai wani rubutu siriri, mai sauri, mai kishingiɗa, wanda manyan haruffansa ke shimfiɗa hannuwa da ƙafafu yadda suka ga dama.

Domin a fahimci irin rubutun, ya kamata a raba gida biyu da mutane kan haɗa a kwando ɗaya. Akwai rubutun alƙalami mai faɗin baki, wanda kauri da sirantar layi ke fitowa daga kusurwar da aka riƙe shi: in ka ja ta wannan fuska layi ya yi kauri, in ka ja ta waccan ya sirance. Daga nan ne rubutun magatakardan fadar Fafaroma na ƙarni na 15 da na 16 ya fito, wanda ya haifi haruffan nan masu kishingiɗa da ake gani a littattafai. Sai kuma rubutun alƙalami mai tsini, wanda bakinsa ke buɗewa in an danna, ya rufe in an sassauta. Shi ne rubutun malaman Ingila na ƙarni na 18, mai zagaye, wanda kowane harafi ke riƙe da hannun na gaba. Shafin Zapf ya fi kusa da gidan farko, amma an rubuta shi da sauri da sakin jiki irin wanda magatakarda ba zai yi a takardar hukuma ba.

Dalma ba ta san lanƙwasa ba

Bayan yaƙi Zapf ya kama aiki da kamfanin D. Stempel AG na Frankfurt, masu zuba haruffan ƙarfe. Nan ya yi sunan da duniya ta san shi da shi: Palatino ya fito a wajejen 1950, Optima a 1958. Tun a ƙarshen shekarun 1940 ya yi ƙoƙarin mayar da irin rubutun nan na Bordeaux ya zama haruffan bugu, abin da ya fito a farkon shekarun 1950 da sunan Virtuosa. Zubi ne mai kyau, amma duk wanda ya ajiye shi kusa da shafin 1944 zai ga an datse wa tsuntsu fukafuki.

Dalilin a fili yake ga wanda ya taɓa riƙe harafin bugu a hannunsa. Kowane harafi yana zaune ne a kan ɗan sandan dalma mai kusurwa huɗu, ana jera sandunan kafaɗa da kafaɗa a ɗaure su. Harafi ba shi da ikon shiga gonar maƙwabcinsa. In ana so jelar f ta leƙa saman harafin gaba, dole a bar wani ɓangaren ƙarfen yana reto a waje ba abin da ya tokare shi, kuma matsin injin bugu kan karya irin wannan leƙen. A injin Linotype, wanda Ottmar Mergenthaler ya ƙera aka fara aiki da shi a 1886, abin ya fi haka tsanani: ana jera mazuban tagulla ne a zuba layi guda cur, don haka babu leƙe ko kaɗan. Shi ya sa f mai kishingiɗa a tsofaffin jaridu yake kamar wanda aka matse a bakin ƙofa.

Akwai kuma matsala ta biyu da ta fi ta ƙarfe zurfi. Hannun mutum ba ya rubuta harafi iri ɗaya sau biyu. Gwanin rubutu yana kallon abin da ya gabata da abin da ke tafe, ya gajarta wannan, ya miƙar da wancan, ya ga fili a ƙarshen layi ya sake jela ta cike shi. Na'ura kuwa abin da ta iya shi ne maimaici. Tun farkon bugu masu sana'ar sun san haka. Gutenberg, a Littafi Mai Tsarkin da ya buga wajejen 1455, ya yi amfani da siffofin haruffa kusan 290 don shafinsa ya yi kama da aikin magatakarda. Haruffa masu kishingiɗa na farko, waɗanda Francesco Griffo ya sassaƙa wa mai maɗaba'a Aldus Manutius a Venice a 1501, cike suke da haruffan gami, wato biyu ko uku da aka zuba a jiki ɗaya. Amma kowace ƙarin siffa ƙarin kuɗi ce, ƙarin gurbi a akwatin mai jera haruffa, ƙarin lokaci. A hankali maɗaba'u suka yi ta zubar da su har aka saura da abin da ba makawa.

Bugu ta hanyar haske da fim ya warware matsalar farko. Tunda yanzu hoton harafi ake haskawa a kan takarda, babu bangon ƙarfe tsakanin maƙwabta. A tsakiyar shekarun 1960 Matthew Carter ya yi amfani da wannan dama ya zana Snell Roundhand, wanda haruffansa ke haɗuwa sumul, bisa rubutun Charles Snell, wani malamin rubutu na Landan. Abin dariya shi ne Snell ɗin da kansa, a zamaninsa, ya yi ƙaurin suna wajen sukar abokan sana'arsa masu cika takarda da lanƙwashe-lanƙwashe marasa dalili. Matsala ta biyu kuwa, ta maimaici, tana nan daram.

Shi kansa Zapf bai bar fagen ba. A 1979 ya fitar da ITC Zapf Chancery, wanda daga baya ya shiga cikin zubi 35 da ke zuwa a cikin firintoci masu aiki da tsarin bugu na PostScript, har ya zama shi ne rubutun ado ɗaya tilo da ofisoshi da yawa suka sani a ƙarshen shekarun 1980. Mai ladabi ne, mai kamun kai, kowane harafi ya tsaya a ɗakinsa. Ba shi ne shafin Bordeaux ba.

Wasiƙa daga Amurka

Zapf na cikin tsofaffin gwanaye ƙalilan da ba su ji tsoron kwamfuta ba. Ya koyar a cibiyar fasaha ta Rochester da ke Amurka daga 1977 zuwa 1987, kuma a farkon shekarun 1980 ya yi aiki da Donald Knuth na Jami'ar Stanford wajen zana AMS Euler, haruffan buga lissafi. Cikin ɗaliban da suka yi wannan aiki akwai David Siegel. A farkon shekarun 1990 Siegel ya tuntuɓi Zapf da wata shawara: a yi zubin haruffa mai siffofi da yawa ga kowane harafi, a sa manhaja ta riƙa zaɓa, yadda rubutun zai fito kamar daga hannu. Zapf ya ɗan yi ɗari-ɗari da farko, sannan ya tuna da shafinsa na 1944.

Siegel ya ɗauko Gino Lee daga Boston don ya mayar da zanen Zapf zuwa layukan kwamfuta. Aiki ne na haƙuri: a ɗora ɗigo-ɗigo a gefen kowace lanƙwasa, a daidaita, a buga a takarda, a aika wa tsoho Zapf a gidansa da ke Darmstadt ta Jamus, ya dawo da ita da gyare-gyare. Sunan zubin ma daga nan ya samo asali, Zapf a gaba, ƙarshen sunan Gino a baya. Ana dab da kammalawa sai Siegel ya janye saboda wasu dalilai na rayuwarsa, ya koma harkar tsara shafukan intanet. Aiki ya kwanta. Sai da Zapf ya ɗauki tarin zanen ya kai wa kamfanin Linotype, suka yarda su ƙarasa. Zapfino ya fito a 1998, mai shi yana dab da cika shekara 80.

Amma ba a siffar da aka yi mafarki ya fito ba. Manhajar nan mai zaɓa da kanta ba ta samu ba, kuma tsarin fayilolin haruffa da aka fi amfani da shi a lokacin gurbi 256 kawai yake bai wa mai bugawa. Don haka aka rarraba aikin gida-gida: jerin haruffa 4, masu suna na ɗaya zuwa na huɗu, da wani fayil na haruffan gami, da wani na kayan ado. Na ɗaya shi ne mai natsuwa, sauran suna ƙara tsawon wuya da jela. In kana son d mai dogon wuya a tsakiyar kalma, sai ka shafa harafin shi kaɗai, ka je jerin zubi, ka canja shi zuwa na uku, ka duba, in bai yi ba ka gwada na huɗu. Ba Zapfino kaɗai ya sha wannan ba. Poetica na Robert Slimbach, wanda Adobe ta fitar a 1992, fayiloli sama da 20 aka raba shi.

Ni a ganina wannan wahalar tana da wata fa'ida da ba a lura da ita ba sai da ta gushe. Wanda ya sayi Zapfino a 1998 ya biya kuɗi, ya san abin da ya saya, kuma tsarin ya tilasta masa ya kalli kowane harafi ya yanke shawara. Wato dai yana yin rabin aikin da hannun Zapf ke yi, ko da linzamin kwamfuta yake yinsa.

Ranar da ya zama na kowa

Sai Apple ta sa shi a cikin Mac OS X, babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfutocinta, wanda ya fito a 2001. Ta haɗe gidajen nan duka a fayil guda mai siffofi sama da 1,400, ta yi amfani da fasaharta ta sarrafa haruffa wadda ke duba maƙwabtan harafi kafin ta zaɓi siffarsa. Wasan nan na buga sunan Zapfino tallar wannan fasaha ce. A ɗaya gefen kuma tsarin OpenType na Microsoft da Adobe, wanda fayil ɗinsa ke iya ɗaukar siffofi sama da 65,000, ya fara kama ƙasa. A 2003 Zapf da Akira Kobayashi, daraktan haruffa na Linotype a lokacin, suka sake bin aikin gaba ɗaya suka fitar da Zapfino Extra, da ƙarin siffofi da kuma wani mai ɗan kauri da suka kira Forte. Abin da Siegel ya hango shekara 10 kafin nan ya tabbata: na'ura na iya musanya siffar harafi da kanta.

Daga nan labarin ya juya. Zubin da aka yi don ƙwararru ya wayi gari a hannun miliyoyin mutane kyauta, yana zaune a can ƙarshen jerin haruffa saboda sunansa ya fara da Z. Duk wanda ya gangara ƙasa yana neman abin da zai sa takardarsa ta yi kama da ta masu hannu da shuni, a kansa yake tsayawa. Cikin 'yan shekaru ya cika jerin abincin gidajen cin abinci, allunan shagunan gyaran gashi, takardun shaidar kammala kwas, kwalaben turare da bangon littattafan soyayya. Masu sana'ar zane suka fara kau da kai in sun gan shi, wasu har suna sa shi a jerin haruffan da suka gaji da gani.

Laifin ba na zanen ba ne. In aka bi misalan da suka lalace ɗaya bayan ɗaya, kusan kullum kurakurai ƙalilan ne ke maimaita kansu, kuma kowannensu yana komawa ga abu guda: an ɗauki abin da aka yi don a zaɓa, an bar shi yadda ya faɗo.

Mafi muni shi ne rubuta kalma duka da manyan haruffa. Babban harafi a irin wannan zubi an zana shi ne don ya buɗe kalma, ya shimfiɗa hannu hagu inda babu kowa, ƙananan haruffa su biyo shi a natse. In ka jera manya 6 a wuri guda, kowanne na neman filin da ɗan'uwansa ke nema, sai jela ta hau jela, kalmar ta koma kamar igiyar da ta cukurkuɗe. Babu wani gyaran tazara da zai ceci wannan. Kusa da shi akwai buɗa tazara tsakanin ƙananan haruffa, dabarar da ke yi wa haruffa tsayayyu kyau a kanu. A nan kuwa ƙaramin layin da ke fita daga harafi an auna shi ne ya isa ga na gaba. Ka ƙara tazara, sai ya tsaya a iska yana miƙa hannu ba wanda ya karɓa.

Sai batun girma, wanda ya fi ruɗar da mutane. Gangar jikin ƙananan haruffan Zapfino ƙarama ce ƙwarai in aka gwada da tsawon wuyansu da jelarsu. Abin da ido ke karantawa yana cikin gangar jiki ne, amma abin da ke cin fili wuya ne da jela. Sakamakon haka layi guda na iya cinye wurin layi uku na rubutu na yau da kullum, alhali ainihin abin karantawar bai kai nasu girma ba. Mai tsarawa ya ga ya cinye masa shafi sai ya rage shi, yana ragewa siraran layukan na ɓacewa. Ko kuma ya matse tazarar layuka, jelar g ta layin sama ta soki wuyan h na layin ƙasa. Wannan zubi ne da ke zuwa da nasa filin, kamar babban baƙo da ke zuwa da 'yan rakiya. In ba ka da wurin saukar su, kada ka gayyace shi.

Siraran layukan nan suna da maƙiya da yawa. In aka buga farin rubutu a kan baƙar ƙasa, tawada kan ɗan bazu ta cinye siririn farin layi daga gefe biyu. In aka ɗora shi a kan hoto mai hayaniya, rabin harafi ya nutse. A allon talla na bakin titi, wanda mai wucewa ke da daƙiƙa 2 ko 3 ya karanta, kaurin ne kawai ke isa ido daga nesa, sai kalmar ta zama gutsattsarin layuka. Wasu in sun ga haka sukan danna maɓallin kaurara rubutu. Idan zubin ba shi da mai kauri na asali, kwamfuta kumbura layukan kawai take yi ta ko'ina, bambancin kauri da siranta ya mutu, alhali shi ne ran rubutun alƙalami. Saboda irin wannan bukata aka zana Forte da hannu.

Inda aka fi gane gwani kuwa shi ne wajen maimaici. Ɗauki kalmar “gaggawa”. Tana da g uku da a uku cikin haruffa 7. In ka bar na'ura ta ba ka g iri ɗaya sau uku, kowacce da jela mai lanƙwasa iri ɗaya sak, ido zai gane nan take cewa hatimi ne aka buga, ba hannu ne ya rubuta ba, kuma jelunan biyu na tsakiya za su yi karo. Mai ido zai bai wa g ta farko doguwar jela tunda akwai fili a hagunta, ya sa na tsakiyar su zama masu sauƙi, ɗaya ta ɗan bambanta da ɗaya, sannan in akwai fili a dama ya bar a ta ƙarshe ta saki ɗan layi. Musanyar da fayil ke yi da kansa tana rage matsalar, amma fayil bai san faɗin katinka ba, bai san akwai hoto a kusurwar dama ba, bai san wace kalma ce ta fi muhimmanci ba. Ƙa'idar da na ga ta fi aiki ita ce babbar jela guda a layi, biyu in layin dogo ne, kuma a bakin layi ko ƙarshensa inda fili yake. Siffofi 1,400 rumbu ne da ake ɗiba daga ciki da cokali.

Haka nan ba a ɗora masa kayan da ba nasa ba. Suna, kanu, gajeriyar jimla ta kalma uku zuwa biyar, nan ne gidansa. Kwanan wata, lokaci, adireshi, lambar waya, farashi, duk abin da in an karanta shi ba daidai ba wani zai yi asara, a bar wa zubi mai natsuwa. Palatino da Optima sun dace da shi ba don komai ba sai don hannu ɗaya ne ya zana su, kusurwar alƙalami ɗaya ce ke ƙarƙashinsu. Haɗa shi da wani rubutun ado na biyu kuwa, kamar a sa mawaƙa biyu su rera waƙa daban-daban a lasifika ɗaya ne.

Akwai tarko biyu da ba a gani sai aiki ya fita. Na farko, in harshen da kake rubutawa yana da haruffan da zubin bai tanada ba, kwamfuta ba za ta yi maka magana ba, za ta aro harafin daga wani zubi ta cusa. A rubutu na yau da kullum aron kan wuce ba a lura ba. A rubutun alƙalami kuwa, ƙ ko ɗ tsayayye a tsakiyar kalma mai kishingiɗa kamar haƙorin roba yake a baki. Kafin a ƙulla aiki da kowane irin wannan zubi, a fara buga haruffan a gani. Na biyu ya shafi shafukan intanet. Shekaru da dama masu tsara shafi a Mac sukan rubuta sunan Zapfino a umarnin shafi, su ƙara da cewa in babu shi a sa duk wani rubutun hannu da ke akwai. A kwamfutarsu abin gwanin sha'awa. A kwamfutar Windows, wadda ba ta zuwa da Zapfino, rubutun hannun da aka saba faɗawa kansa shi ne Comic Sans, zubin da Vincent Connare ya zana a 1994 yana kwaikwayon rubutun littattafan labarai masu zane-zane. Shagon da ya so ya nuna alfarma sai ya bayyana ga yawancin baƙinsa da rubutun wasan yara, mai shi bai sani ba.

Abin da tambarin lemo ke nunawa

Tambayar da ta rage ita ce me ya sa wasu rubuce-rubucen alƙalami ba sa tsufa a ido duk yawan ganinsu. Tambarin Coca-Cola ya fi Zapfino yawo a duniya nesa ba kusa ba. Frank Robinson, mai riƙe wa John Pemberton, wanda ya ƙirƙiro lemon, littafin lissafi, shi ake danganta wa rubuta sunan a shekarun 1880, da salon Spencer, wanda a lokacin shi ne rubutun da kowane akawu a Amurka ke yi a ofis. Bambancin shi ne an rubuta shi don kalma guda. Jelar C ta farko ta san abin da ke samanta, lanƙwasar C ta biyu ta san l na nan tafe har ta ratsa ta cikinsa. Ba wanda zai iya buga sunan shagonsa da shi ya fito haka, domin ba jerin haruffa ba ne, zane ne.

Shi ya sa ƙwararrun masu tambari, ko sun fara da zubi irin Zapfino ko Bickham Script na Richard Lipton, ba sa tsayawa a nan. Sukan mayar da haruffan zane, su yanke wannan jela, su ja waccan, su sake ɗinke mahaɗa, har kalmar ta zama ba ta kowa ba sai mai ita. In aka lura, wannan shi ne ainihin abin da Zapf ya yi wa sunan zubin nasa: kalma ce a cikin fayil ɗin da ya zauna ya rubuta daga farko har ƙarshe, yana sane da kowane harafi da maƙwabcinsa.

Reshen Zapfino na ƙarshe da ya tsiro Zapf yana raye shi ne na Larabci. Nadine Chahine, 'yar Lebanon da a lokacin take zana wa Linotype haruffan Larabci, ita ta ɗauki aikin, tana kai wa Zapf zanen yana dubawa. A nan matsalar ta juye. Rubutun boko sai an lallashe shi kafin haruffansa su riƙe hannun juna, na Larabci kuwa da haɗi aka haife shi, yawancin haruffansa na da siffar farko da ta tsakiya da ta ƙarshe tun asali, kuma yana da tsofaffin makarantun ƙayata rubutu masu tsauraran dokoki. Ba zai yiwu a liƙa wa haruffan Larabci jelunan Bordeaux a ce an gama ba. Chahine ta nemo hanya tsakanin salon nasahi, mai zama daram a kan layi, da salon nasta'aliƙ, mai gangarowa kamar ruwa, ta fitar da wani abu da zai iya zama kusa da na bokon a kanu ɗaya. Zapfino Arabic ya fito 'yan watanni kafin Zapf ya rasu a Darmstadt ranar 4 ga Yuni, 2015, yana da shekara 96.